Wasan Kwaikwayon Dattawa a Wani Garin Ingila

Idan kaka ta shigo ƙasar Ingila, rana ta fara faɗuwa tun ma'aikata ba su tashi daga ofis ba, sanyi kuma ya kori mutane daga lambunansu zuwa cikin ɗaki, baƙo mai lura zai fara ganin waɗansu takardu manne a tagar kantin burodi da ƙofar coci da allon gidan waya, suna shelar cewa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gari za ta nuna wasa kaza daga daren Alhamis zuwa daren Asabar. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram, da jin an ce ƙungiyar wasan kwaikwayo, abin da zai faɗo masa a rai shi ne samari 'yan bana bakwai waɗanda ba su ajiye iyali ba, suna neman hanyar da za ta kai su talabijin ko fim. A nan kuwa waɗanda za su hau dandamalin su ne likitan garin, da akawun banki, da malamar makarantar da ta yi ritaya, da matar da ta riga ta ga jikokinta. Ba a biyan ɗaya daga cikinsu ko anini, hasali ma su ke biyan kuɗin ƙungiya duk shekara domin a bar su su wahala.

Wannan ta'ada ta daɗe da yin jijiya a ƙasar, har ta kai tun 1899 aka kafa wata babbar ƙungiya da ake kira NODA don haɗa kan irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi, kuma bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da ƙauyuka da yawa suka gina zaurukan taro don tunawa da 'ya'yansu da suka mutu a fagen fama, sai wasan ya sami ɗaki na kansa a kusan kowane gari. Zaure ne mai ɗan dandamali a ƙarshensa, da labule, da ɗakin dafa shayi a gefe. A cikinsa ake jefa ƙuri'a ran zaɓe, a cikinsa ake renon yara da safe, da dare kuma ya zama gidan wasa.

Ƙungiyar da Allah ya haɗa ni da ita tana wani ƙaramin gari ne a lardin Hampshire, kudu maso yammacin Landan, sanadin haɗuwarmu kuwa bai wuce maƙwabtaka ba, domin wani dattijo da katangarmu ɗaya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ne kafintan ƙungiyar, da ya ga ina da sauran ƙarfi a kafaɗa sai ya roƙe ni in riƙa kama masa katako. A shekarar nan sun zaɓi su nuna Pride and Prejudice, wato Girman Kai da Mummunan Zato, littafin soyayyar da Turawan Ingila suka fi ji da shi, wanda wata 'yar lardin nasu mai suna Jane Austen ta wallafa. An haife ta a ƙauyen Steventon a 1775, 'yar limamin coci ce, ta mutu a Winchester a 1817 tana da shekara 41 ba ta taɓa aure ba, ko da yake a 1802 ta taɓa amsa wa wani mai neman aurenta da daddare, gari na wayewa ta janye maganarta. Littafin ya fito a 1813 babu sunanta a bangonsa, ta kuwa sayar da haƙƙinsa kacokan a kan fam 110. Tun 2017 hotonta ne a bayan takardar fam 10, kuma da irin wannan takarda na ga mutane suna biyan kuɗin shiga kallon labarin da ta ƙaga.

Labarin kuwa, ko da yake an yi masa laƙabi da soyayya, ginshiƙinsa mas'alar gado ce, kuma a nan ne Bahaushen da ya ɗan leƙa babin fara'ili zai zauna da kyau ya kasa kunne. Wani mutum ne mai suna Mista Bennet, yana da 'ya'ya mata 5, ba shi da ɗa namiji, gidansa da gonakinsa suna kawo masa fam 2,000 a shekara. Amma kakanni sun ɗaure dukiyar da wani sharaɗi mai kama da hubusi a kan zuriya maza, ba a sayar da ita, ba a raba ta, ba ta kuma faɗawa hannun mace, saboda haka ranar da ya rufe ido, gida da gona duk za su koma ga wani ɗan'uwansa na nesa mai suna Mista Collins, wanda in ya ga dama ya fitar da uwa da 'ya'yanta waje tun ba su gama zaman makoki ba. Da a gaban alƙalinmu ne, sai ya kafa asalin mas'ala daga 24, 'ya'ya mata su ɗauki sulusi biyu, wato 16, matar ta ɗauki tumuninta, wato 3, ragowar 5 su tafi ga asaba, in ma har ya tabbata Collins ɗin ta wajen uba ya haɗu da mamacin. Da an yi haka kuwa, da labarin ya ƙare tun a babi na farko, don ba sauran abin da zai hana uwar barci. Wannan shi ya sa na tabbata duk wanda ya yi niyyar mayar da littafin nan Hausa, ya sa wa mutanensa rawani da mayafi ya ajiye su a Katsina, zai tarar ya ɗauko gangar jiki ya bar ruhin a Hampshire.

Shi ya sa kuma ban yi dariyar da 'yan kallo suka yi wa uwar 'yan matan ba. Matar da ta fito a matsayinta, wata ma'aikaciyar jinya mai murya kamar ta tsaga rufi, ta mayar da ita sakarya mai ihu da ƙorafin ciwon jijiya, wadda ba ta da zance sai na wane yana samun fam 10,000 a shekara, wane kuma 4,000 ko 5,000, mutane kuwa suna ta ƙyaƙyatawa. Ni dai da na dube ta, sai na ga ita kaɗai ce a gidan ta yi lissafin gobe, alhali maigidan ya shige ɗakin littattafansa yana yi mata ba'a, bai tara wa 'ya'yansa komai ba. A al'adarsu ta wancan zamani amarya ce ke zuwa da dukiya gidan miji, kowace ɗaya daga 'yan matan nan kuwa abin da za ta samu bai wuce fam 1,000 ba, shi ma sai bayan mutuwar uwarta. Mu da muka ɗora sadaki da lefe a kan namiji muna iya ganin abin baƙo ne, amma duk uban da ya taɓa haɗa kayan ɗaki da gara sau biyar ya san inda matar nan take jin ciwo. Mawallafiyar ma ba ta ɓoye ɗacin al'amarin ba, tun da ta kawo wata mai suna Charlotte, ƙawar Elizabeth, ɗaya daga 'yan matan nan, wadda ta kai shekara 27 ba manemi, ta auri Collins ɗin nan da idonta biyu, ba don so ba, sai don ta sami rufin asiri.

Babban bambancin da ke tsakanin wasansu da namu yana farawa ne tun daga ranar da aka raba takardu. Littafin babi 61 ne, cike da wasiƙu da zancen zuci, ba ya shiga cikin awa biyu da rabi sai an yi masa tiyata, saboda haka marubuta da yawa sun mayar da shi wasa, kowa da inda ya yanke. Wata mai suna Helen Jerome, wadda aka nuna nata a 1935, har rage 'yan matan ta yi suka koma 3. Ƙungiyarmu ta zaɓi wanda ya bar su su biyar, don tana da mata da yawa masu jiran rabo. Haƙƙin mallaka a dokarsu yana faɗuwa ne bayan shekara 70 da mutuwar mawallafi, saboda haka ba wanda ke bin su bashin Jane Austen, amma shi wanda ya tsara wasan sai da suka biya shi kuɗin kowane dare tun kafin a ɗaga labule, bisa sharaɗin ba za su canja masa kalma ba sai da izninsa. Daga nan aka shiga hadda. Wata uku ana haɗuwa dare biyu a mako, aka yanke ranar da kowa zai ajiye takardarsa, aka kuma zaunar da wata tsohuwa a bayan labule da 'yar fitila da fensir, aikinta kawai ta bi matani da yatsa, wanda ya yi tuntuɓe ta raɗa masa, wanda ya musanya kalma da 'yar'uwarta ta rubuta ta ajiye masa sai an tashi. Ganinta ya tuna mini da zauren da ake karatun Muƙamatul Hariri, inda ɗalibi zai kuskure wasali ɗaya, malam ya gyara masa ba tare da ya ɗaga kai ba. 'Yan kallon ma haka suke, da yawansu sun haddace jimlar farko ta littafin, ana fara ta za ka ga leɓuna suna motsi.

Mu kuwa asalin wasanmu daga baki ya fito, daga tashen da yara ke yi a watan azumi, da wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da 'yan kama masu juya karatun malamai ya koma zancen tuwo, kuma ko da ya shiga rediyo da talabijin bai bar wannan hali ba. Shugaban wasa zai tara mutanensa ya ce: kai ne uban yarinya, ka ci bashin Alhaji, ka yi alkawarin ba shi ita, ke kuma ba kya so, kai ne ɗan aike, to, bismillah. Sauran magana kowa daga cikinsa zai zaro ta, da karin magana da habaici da baƙar magana, daidai da yadda ya ga fuskar abokin wasansa. A irin wannan fage ne Usman Baba Pategi ya zama Samanja, Ƙasimu Yero ya yi suna a Kaduna, Yazi Dogo kuma a Nijar. A daren Juma'a na ga abin da ya nuna mini darajar wannan baiwa: mai fitowa a matsayin Collins, yana tsakiyar neman auren Elizabeth, sai magana ta ɓace masa, ya tsaya ƙiƙam hannu a ƙirji, zaure ya yi tsit, yarinyar tana dubansa ba ta da ikon ceto shi don ba a rubuta mata abin cewa ba, har sai da muryar tsohuwar nan ta fito daga bayan labule, kowa ya ji. Da ɗan ƙungiyar Fagge ne ko na Tudun Wada, wallahi da ya cike gurbin da maganar da za ta fi ta littafin ban dariya, ba kuwa wanda zai san an yi mantuwa.

A fasahar harshe da saurin basira, ban ga sun kama ƙafarmu ba. Amma abin da aka gina a kan baiwar mutum ɗaya, tare da shi ake binne shi. Samanja ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa, kuma ba wata ƙungiya a Gusau ko Maraɗi da za ta ce bana za ta sake shirya wasansa kaza, domin babu matanin da za ta ɗauka, sai abin da ya tsira a faifai. Su kuwa waɗannan, da ƙarancin fasaharsu, labarin da aka rubuta shekara 200 da suka wuce suna tayar da shi duk lokacin da suka so, a kowane gari, da mutanen da suka samu. Ba kuma za a ce ba mu da rubutattun wasanni ba. Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, Ibrahim Yaro Yahaya ya juya wani wasan Shakespeare ya zama Daren Sha Biyu, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay kuma suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali a 1975. Sai dai mun mayar da su littattafan jarrabawa, yaro ya karanta a aji ya amsa tambaya a kan jigo da salo, ya fita makaranta bai taɓa ganin Jatau tsaye a kan ƙafafunsa ba.

Wata rana ana shan shayi na tambayi matar da ke shugabantar shirin wane darasi suke son jama'a su ɗauka, sai ta dube ni da mamaki, ta ce ita dai burinta mutane su ji daɗin darensu, kada kuma bangon da muka kafa ya faɗo wa wani a ka. Na daɗe ina juya wannan amsa, domin a wurinmu ita ce tambayar farko da ake yi wa kowane wasa, gidajen rediyonmu ma faɗakarwa da ilimantarwa suke sawa gaba kafin su ambaci nishaɗantarwa. Wasan Marafa tsafta yake koyarwa, Uwar Gulma zaman aure, Malam Aminu Kano kuwa tun yana ɗalibi ya ɗauki wasa makamin sukar zaluncin mahukunta. Dalilin a fili yake: a cikin al'ummar da malamanta ke ƙyamar lagawu da ɓata lokaci, darasi shi ne hujjar da wasa ke kare kansa da ita, daga baya kuma ya zama shi ne ƙofar samun kuɗi daga ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji. Ban raina wannan ba, don ya yi amfani mai yawa. Illarsa ita ce a fitowa ta ƙarshe dole a shigo da malam ko alƙali ko mai unguwa ya tsaya ya yi wa'azin abin da mai kallo ya riga ya gane tun da jimawa. Littafin Jane Austen cike yake da nasiha a kan gaggawar yanke wa mutum hukunci da raina na ƙasa, amma ba wanda ya tsaya ya faɗe ta. Mai wa'azin da ke cikinsa ma, wato Collins, limamin coci, shi ne wawan labarin.

Saura batun mutunci, wanda shi ya fi ɗaure mini kai da farko, ganin likitan da ya duba ni da safe ya sa wando matsattse da dare yana rawa, kashegari kuma ya koma asibitinsa ba wanda ya rage masa girma. A wurinmu fuƙaha'u sun sa kiyaye muru'a cikin sharuɗɗan adalcin mai shaida, al'ada kuma ta ƙara nata a kai, har ya zama mutumin da ya yi fice a ƙungiyar wasa ta kwalejinsa, da zarar ya zama babban sakatare ko ya aurar da 'ya, ba ya ko son a tuna masa. Kada mai karatu ya zaci Turawa da wannan sakewa aka halicce su. A 1572 dokarsu ta lissafa ɗan wasan da ba shi da uban gida cikin 'yan gararamba da ake yi wa bulala. A 1642 majalisarsu ta rufe gidajen wasa gaba ɗaya. Mace ba ta hau dandamali a Landan a matsayin sana'a ba sai 1660, kafin nan samari ke sa tufafin mata. Kuma har 1968 ba a nuna sabon wasa ga jama'a sai wani babban jami'in fada ya karanta ya ba da izni. Ita kanta Jane Austen, wadda 'yan'uwanta suka riƙa shirya wasa a rumbun gidansu tana yarinya, a littafinta Mansfield Park na 1814 ta kawo uban da ya dawo daga tafiya ya tarar 'ya'yansa sun kafa dandamali a gidansa, ya sa aka rushe shi, ya ƙone takardun wasan. Ba ina kiran matanmu su fito su riƙa hannun maza suna rawa ba ne, kowace al'umma da iyakokin da addininta ya shata mata. Abin da nake nufi shi ne ƙungiyar da ke da dattawa a cikinta tana da ma'aji mai tsoron kunya, da sakataren da ke rubuta abin da aka zartar, da taron shekara da ake karanta lissafi har na kuɗin fenti, kuma irin wannan ƙungiya ba ta watsewa don mutum biyu sun yi faɗa.

Suna da nasu rauni, ba kuwa ƙarami ba. In ka tsaya bayan zaure ka duba, furfura ce ta fi yawa, a kan kujeru da kan dandamali duka, samari sun yi ƙaranci har Mista Darcy, masoyin Elizabeth, wanda littafi ya ce shekararsa 28, sai da aka ba wani mai kusan hamsin ya rina gashi. Son da suke yi wa labarin ma rabinsa begen wani zamani ne da suka ƙawata a zukatansu, na manyan gidaje da karusai da 'yan mata masu hulunan leshi, ba sa tambayar su wa ke wanke tufafin nan da ɗebo ruwan wanka, ko daga ina dukiyar masu gidajen ta fito. Sannan tun da BBC ta yi nata shirin a 1995, inda ta sa Darcy ya faɗa tafki da rigarsa, abin da babu shi a littafi sam, 'yan kallo suka ɗanɗana ƙari, har ƙungiyarmu ta rufe wasanta da sumba, alhali mawallafiyar ta kai masoyan nan biyu har aure ba ta nuna haka ba. A nan kam littafin ya fi masu wasa da shi kunya.

Namu dandamalin kuwa ba tsufa ne ya kashe shi ba, ƙaura ce. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, ƙungiyoyi suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, wasa ya zama sana'a da kasuwa, wanda ba laifi ba ne, amma ya bar garuruwanmu babu wurin da maƙwabci zai je ya kalli maƙwabcinsa yana wasa don so kawai.

Saboda haka nake kira ga malaman makarantun da suka yi ritaya, da ma'aikatan da suka taɓa hawa dandamali suna ɗalibai, a Kano da Sakkwato da Damagaram da zangon Kumasi, su nemi aron zauren makarantar unguwarsu. Ba sai sun ɗauko Darcy ba. Ga Jiki Magayi nan na John Tafida da Rupert East, labarin Abubakar da Zainab da attajirin da ya raba su da dukiyarsa, ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. A nemi iznin masu haƙƙi a biya su, a ba wani mai alƙalami ya tsara wasan a rubuce, a bar wa 'yan wasa sarari su yi fasaharsu a inda ya dace, sannan a rubuta abin da suka ƙara wanda ya yi armashi, a ajiye kwafi a hannun sakatare domin ƙungiyar garin gaba ta zo ta ara.